SAUYIN YANAYI: WA ZAI BIYA KUƊIN MAGANI?

Wannan shi ne cikakken jawabin da wani tsohon ma'aikacin lantarki ya gabatar a gaban taron matasan jam'iyya da aka yi a Anguwan Rukuba, cikin birnin Jos. An buga shi a wannan shafi domin amfanin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal, waɗanda su ne kan aika da kuɗin gawayi da na wuta zuwa gida a ƙarshen kowane wata.



Maganar da aka taru dominta yau magana ce wadda ta cika gidajen rediyo, har ta kai ba a yin ambaliya, ko fari, ko annobar dankali, ko ma faɗa tsakanin makiyayi da manomi, ba tare da wani babban ma'aikaci ya fito ya ce ai sauyin yanayi ne ba. Da zarar ya faɗi haka kuwa sai kowa ya kama bakinsa, kamar dai an ambaci ƙaddara wadda ba a tambaya a kanta. To, lalle ne a yi tambaya, domin bayan wannan magana akwai wata mai nauyi da ke biye da ita, watau maganar kuɗi. An ce ƙasar nan ta bar fetur da gas da kwal ta koma ga hasken rana da iska, an kuma riga an yanka wa wannan ƙaura farashi.

Tun da farko ya kamata a kawar da shakka guda. Duniya tana ɗumama, wannan ba jita-jita ba ce. Ma'aunan zafi sun nuna ƙarin da ya wuce digiri ɗaya tun daga lokacin da Turawa suka soma ƙona kwal a masana'antunsu, kuma shekarar 2024 ta fi dukkan waɗanda suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel cikin shekara 35. Manomin dankali na Bokkos ko na Mangu ba ya bukatar wani masani ya gaya masa cewa damina ta sake hali. Wanda ya musanta wannan ya musanta abin da ido ke gani. Abin da ake jayayya a kai daban ne: shin dukkan masifun da ake jingina wa yanayi nasa ne, kuma shin maganin da aka rubuto daga waje shi ne wanda aljihun majiyyacin zai iya ɗauka?

Fari dai ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tsofaffi sun bar wa jikokinsu sunayen yunwa kamar yadda ake barin sunayen sarakuna: Ƙaƙalaba a 1914, 'Yar Buhu a 1927, 'Yar Gusau a 1942. Sa'an nan ga babban farin 1972 zuwa 1974, wanda ya kashe shanu ya kuma tura dubban mutane kudu neman abinci, watakila har da iyayen wasu masu karanta wannan shafi, ga kuma na 1983 zuwa 1985. A waɗannan shekaru an yi ta faɗar cewa hamada tana tafe, kuma ba da jimawa ba za ta haɗiye Kano. Amma daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan komo, hotunan tauraron ɗan Adam kuma suka nuna kore yana dawowa a wurare da yawa na Sahel. Haka batun Tafkin Chadi, wanda kowane shugaba kan ɗauka ya kai gaban Majalisar Ɗinkin Duniya. Gaskiya ne tafkin ya janye daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 zuwa abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba a tsakiyar shekarun 1980. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wannan janyewa ta auku ne a zamanin wancan fari, kuma binciken baya-bayan nan ya nuna tafkin bai ci gaba da ƙafewa ba tun daga lokacin. Wanda ke neman tallafi, ba shakka, ya fi son tsohon hoto.

LAIFIN SAMA DA LAIFIN ƘASA

Babu bukatar a je nesa. A watan Yuli na 2012 an yi ruwa mai ƙarfi a Jos, madatsar Lamingo, wadda ba ta da nisa da wannan unguwa, ta cika ta tumbatsa, ruwa ya bi ta Rikkos da Gangare ya rushe gidaje, ya hallaka mutane fiye da 30, da yawansu mata da ƙananan yara. Allah Ya ji ƙansu. Ruwan daga sama ya zo, babu musu. Amma gidajen da aka gina a bakin rafi, ba gajimare ne ya sayar da filayensu ba, ba kuma shi ya sa hannu a takardun izinin gini ba. Magudanun da shara ta toshe, ba hayaƙin Jamus ne ya toshe su ba. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri, alhali kuwa wannan madatsa ta taɓa yin irin haka a 1994, watau an sami shekara 30 cur na gargaɗi. Idan aka ce yanayi ne kaɗai, to an wanke injiniyan da bai duba bango ba, an wanke wanda ya karɓi kuɗin gyara, an wanke mai ba da fili. In ma da gaske ne ruwan sama zai riƙa zuwa da ƙarfi fiye da dā, kuma alamu sun nuna haka, ai wannan dalili ne na a ƙara tsananta wa waɗannan mutane, ba na a yafe musu ba.

Akwai ma masu rubutu daga ƙasashen waje da ke cewa rikicin Filato rikicin yanayi ne. Mutanen Jos sun san abin da ya faru a 2001 da 2008 da 2010, kuma sun san maganar muƙami ce, da zaɓen ƙaramar hukuma, da takardar zama ɗan ƙasa, da rashin hukunta wanda ya zubar da jini. Ƙarancin makiyaya yana ƙara wa wuta makamashi a karkara, amma ba shi ke sayo bindiga ba.

Sa'an nan, idan ana batun lantarki mai tsabta, babu wanda zai zo ya koya wa Filato karatun. Tun a 1923 aka kafa injin samar da wuta da ƙarfin ruwa a magangarar Kwall, a 1929 kuma aka kafa kamfanin NESCO wanda ya gina tashar Kurra, daga baya aka ƙara na Jekko da na Lere. Wannan ya riga madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, da kimanin shekara 40. Babu kwal, babu hayaƙi, ruwa ne kawai ke gangarowa daga dutse yana juya ƙarfe. Mazauna Bukuru na dā suna iya ba da labarin wutar da ba ta ƙiftawa a lokacin da sauran garuruwa ke fama da NEPA.

Amma fa a tambaya, domin wa aka kawo wannan wuta? An kawo ta ne domin manyan injinan haƙar kuza na kamfanonin Ingila, ba domin ɗakin talaka ba. Da yaƙin duniya na biyu ya ƙwace wa Ingila kuzar Malaya, sai aka juyo kan Filato, tsakanin 1942 da 1944 aka yi abin da jama'a suka kira ɗiban gwamna, aka kwaso dubban talakawa daga lardunan Arewa bisa tilas, aka zube su cikin sanyin tsauni ba bargo ba isasshen abinci, mutane da dama suka mutu, musamman a wajen aikin madatsar Tenti, wadda ke tara ruwan da ke ba da wannan wuta mai tsabta. An sare itatuwan tsaunin domin girkin barikokin lebura. An juye gonaki. Da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar London a watan Oktoba na 1985, sai aka ci moriyar ganga aka ya da kwaurenta: aka bar wa Filato ɗaruruwan ramuka cike da ruwa, waɗanda har yau ke cin yara da dabbobi, ko da yake masu noman rani sun koyi cin amfanin wasunsu.

Dalilin kawo wannan tarihi shi ne, kuza ta sake yin daraja. Kusan rabin kuzar duniya wajen liƙe wayoyin kayan lantarki take tafiya, kuma kowane farantin hasken rana yana ɗauke da rabonsa. Batiran motocin zamani suna bukatar dutsen litiyam, ga shi kuwa a watan Mayu na 2024 an buɗe masana'antar tace shi ta wani kamfanin 'yan Sin a Jihar Nasarawa maƙwabciya. Matasan Barikin Ladi da Bukuru sun koma ramuka da diga da shebur da igiya, rami na ruftawa da su. Saboda haka motar da ke tafiya shiru ba hayaƙi a titin Berlin tana da rami a bayanta, kuma wannan ramin ba a Berlin yake ba.

FARASHIN DA AKA YANKA

A taron Glasgow na watan Nuwamba 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa kafin 2060 Nijeriya za ta kai matsayin da hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda take shafewa ba, ya kuma sa hannu a dokar sauyin yanayi a cikin watan. A watan Agusta na 2022 Mataimakinsa, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da shirin cika wannan alkawari, shirin da kansa ya ce ana bukatar ƙarin dala biliyan 410, watau miliyan dubu 410, a kan abin da dā ma za a kashe, kimanin dala biliyan 10 ke nan kowace shekara. Kasafin kuɗin Gwamnatin Tarayya gaba ɗayansa a 2022 bai wuce kimanin dala biliyan 40 da 'yan kai ba. Ke nan ana maganar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake raba wa soja da asibiti da makaranta da hanya.

Wannan kuwa a ƙasar da mutane fiye da miliyan 200 ke rabon megawat 4,000 zuwa 5,000, wadda Bankin Duniya ya ce a 2021 mutum miliyan 85 a cikinta ba su da wuta sam. Afirka ta Kudu, da jama'arta ba su kai kashi ɗaya cikin uku na Nijeriya ba, tana da tashoshin da suka haura megawat 40,000, mafi yawansu na kwal. Dukkan nahiyar Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya. Ɗan Nijeriya ba ya fitar da tan ɗaya a shekara, Ba'amurke kuwa yana fitar da wajen 14. Wanda bai ci nanin ba, ta yaya nanin za ta ci shi?

An ce masu arziki za su taimaka. A Kopenhegen a 2009 suka yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara kafin 2020. Bisa lissafinsu na kansu sai a 2022 suka cika, kuma mafi yawan abin da gwamnatocinsu da bankunansu suka bayar rance ne da za a biya. A Baku a 2024 aka ɗaga alkawarin zuwa biliyan 300 kafin 2035. Wata biyu bayan haka, a watan Janairu na 2025, Shugaba Trump ya sa hannu a takardar fitar da Amurka daga yarjejeniyar Paris a karo na biyu, a watan Maris kuma ƙasarsa ta janye daga tallafin da aka yi wa Afirka ta Kudu alkawari domin ta bar kwal. Duk magidancin da ya rushe tsohon ɗakinsa bisa alkawarin irin wannan maƙwabci, to damina za ta same shi a waje.

Batun gas shi ya fi ban takaici. A Glasgow ɗin nan ƙasashe masu yawa suka amince su daina ba da kuɗin gwamnati ga ayyukan mai da gas a ƙasashen waje. Osinbajo da Buhari duk sun yi rubutu a jaridu da mujallun Amurka suna cewa wannan ba adalci ba ne, kuma a nan sun yi gaskiya. Bayan 'yan watanni yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022, gas ɗin Rasha ya yanke, sai ga Jamus ta sake hura tashoshin kwal da ta ajiye, Tarayyar Turai ta sa gas cikin jerin makamashin da ta yarda a zuba wa jari, shugaban gwamnatin Jamus Olaf Scholz kuma ya zo Senegal a 2022, ya zo Nijeriya a 2023, yana neman gas. Ashe gas ɗin yana da tsabta in an loda shi a jirgi a Bonny zuwa Turai, sai in za a dafa tuwo da shi a Jos ne yake zama ƙazanta. Duk da haka gwano ba ya jin warin jikinsa: Nijeriya ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikin gas, dokar 1979 ta ce a daina ƙona shi a banza daga 1984, amma har yau harsunan wuta na ci dare da rana a yankin Neja Delta. Wannan ba Bature ne ya hana a kashe su ba.

Abin da ke faruwa idan makamashi ya yi tsada kuwa, an riga an gani. Janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ba domin yanayi aka yi shi ba, domin kuɗi ne, amma darasinsa ɗaya ne. Lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500 nan take, ta wuce 1,000 a 2024, kuɗin motar dankali daga Bokkos zuwa kasuwar Mile 12 ya bi sahu. Tukunyar gas mai kilo 12 da rabi da ake cikawa a kimanin Naira 4,000 a farkon 2021 ta haura 14,000 a 2024. Matan da aka yi shekaru ana lallashi su bar murhu sai suka jingine tukunyar a lungu suka koma ga gawayi, motocin gawayi suka ƙaru a kan hanyar Akwanga da ta Bauchi, jihohi kuma suka shiga kafa dokar hana sare itace. Mai hana gawayi bai ce da me za a yi girki ba. Duk wanda ke son dazuzzukan Arewa su tsira, to gas mai araha shi ne babban abokinsa, ko da masu taron Turai sun ɓata fuska.

Kada a ɗauka wannan ƙiyayya ce ga hasken rana. Farashin farantai ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, kuma mai shago a Terminus da ya sa farantai biyu a rufinsa ya huta da janareta ya yi dabara; matsalarsa batir ne, wanda da dala ake sayowa, ga Naira ta faɗi daga kimanin 460 zuwa wajen 1,500 tsakanin 2023 da 2024. Tashar Challawa ta Kano mai megawat 10 an gina ta an buɗe a watan Janairu na 2023. Amma a dubi Lambar Rimi ta Katsina. Tun 2005, zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa yana Gwamna, aka soma maganar fankoki 37 da za su ba da megawat 10 daga iska, Gwamnatin Tarayya ta karɓi aikin, aka ba wani kamfanin Faransa, 'yan bindiga suka sace injiniyansa a watan Disamba na 2012, ya kuɓuta a Nuwamba 2013, aka kwashe fiye da shekara 15 ana ɗaga ranar buɗewa. A 2016 aka sa hannu da kamfanoni 14 domin tashoshin hasken rana masu megawat fiye da 1,000, aka tsaya cinikin farashi da lamuni har zancen ya shiririce. A 2025 kuwa aka ware Naira biliyan 10 domin sa wa fadar shugaban ƙasa nata hasken rana, wanda ke nuna cewa ita ma fadar ta yanke ƙauna daga wayar da ta bar wa sauran jama'a. Injin niƙa da na walda da masaƙa suna bukatar wuta mai ƙarfi dare da rana, kuma ƙasar da ta kasa tsayar da fankoki 37 cikin shekara 15 ya kamata ta yi hattara da alkawarin 2060.

Abin mamaki shi ne, aikin da ya fi kowanne nasara a wannan yanki shi ne wanda ya fi araha. A 2007 Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa mai tsawon kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, da nufin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030; rahoton 2020 ya ce kimanin miliyan 4 aka yi a cikin yankin da aka shata. A Maraɗi kuwa, tun 1983, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara kututturan tsofaffin itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka shawo kan manoma su bar rassa ƙalilan masu ƙarfi a kan kowane kututture su datse sauran, abin da suka sa wa suna sassabin zamani. Ba gandun dashe, ba motar ban ruwa, ba kwangila. Da hukuma ta sassauta hannu manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona har Damagaram, aka kai ga kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, gawo da ƙalgo da aduwa, masu ba ƙasa taki, dabba harawa, uwargida itacen girki. Daga Jibiya zuwa Maraɗi tafiyar sa'a ɗaya ce ko ƙasa da haka, amma wakilan da kan cika jirgi zuwa Dubai da Baku ba a cika jin sun bi wannan hanya ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, musamman waɗanda ke kudu suna dawowa gida lokacin zaɓe, idan mai neman ƙuri'a ya tsaya yana maganar 2060, a nemi ya sauko kusa. A tambaye shi wa ya duba bangon madatsar Lamingo bana, kuma ina aka mayar da waɗanda ke kwana a bakin rafin Rikkos. A tambaye shi nawa ne daga kuɗin kuza da ake tonowa yanzu aka ware domin cike ramukan da za a bari, tun da na Turawa har yau suna nan buɗe. A tambaye shi kuma labarin bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, da kuma ranar da za a ja masa reshe ya hau tsauni ya iso Jos.